Yadda Za Ka Kwashe Tsoffin Hotunan Majigi Zuwa Kwamfuta a Gida

Idan ka gaji akwati cike da ƙananan kwalaye masu kusurwa huɗu, kowanne da ɗan fim a tsakiyarsa wanda sai an ɗaga shi wajen haske ake ganin abin da ke ciki, to hotunan majigi ne a hannunka, waɗanda masu ɗaukar hoto ke ce wa silaid. Sun bambanta da nagatif ta wajen launi, domin nasu ba a juye yake ba: sama shuɗiya, ganye kore, fuska yadda take. Abin da ya kamata ka riƙe tun yanzu shi ne silaid ba shi da na biyu. Ainihin fim ɗin da ke cikin kyamara ranar da aka ɗauki hoton shi aka wanke, aka yanka, aka saka a kwali. Babu wani nagatif da aka ɓoye da za a koma wa in wannan ya lalace.

Saboda haka duk tsarin da zan kawo a nan a kan abu guda ya tsaya: ka fito da kowane silaid sau ɗaya, ka kwafe shi da kyau yadda ba sai ka sake ba, ka mayar da shi mazauninsa.

Mataki na farko: san abin da ke cikin akwatin

Kada ka zazzage akwatin. Yadda aka jera su ma bayani ne, domin wanda ya jera yawanci ya bi tafiya ɗaya ko shekara ɗaya. Ka ba kowane akwati ko faranti lamba, ka ɗauki hoton duk rubutun da ke jikinsa da wayarka kafin ka ciro komai.

Mafi yawan abin da za ka tarar fim ne na milimita 35. Hoton kansa milimita 24 ne a 36, kwalin da ya riƙe shi kuma inci 2 a 2, wato kusan milimita 50 kowane gefe. In ka ga masu hoto murabba'i cikin irin wannan kwalin, galibi na kyamarar Instamatic ne. In kuma ka ga manya masu santimita 6 a 6, sai ka tanadi mariƙi na daban, don na ƙananan ba zai ɗauke su ba.

Karanta sunan da ke jikin kwalin, zai yi maka amfani nan gaba. Kodachrome, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1935 ya kuma daina yinsa a 2009, yana riƙe launinsa shekara da shekaru muddin a duhu ya zauna. Hasken majigi ne ke cin sa. Wurin wankinsa na ƙarshe a duniya, a garin Parsons na jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓarsa a ƙarshen 2010. Tsoffin Ektachrome kuwa sau da yawa za ka same su sun rine sun koma ja ko ruwan hoda, saboda rinin shuɗi mai ruwan kore da ke cikinsu shi ke fara dusashewa, sai jan ya rage shi kaɗai a fili. Akwai Agfachrome da Fujichrome, kowanne da irin tsufansa. Da yawa daga kwalayen da Kodak ya wanke suna ɗauke da wata da shekarar wankin da lambar hoto. Wannan kwanan watan na wanki ne, ba na ɗauka ba, kuma fim kan yi watanni cikin kyamara kafin a kai shi wanki, amma dai ya rage maka lalube.

Ka kuma shinshina akwatin. In ka ji wari mai tsami kamar na ruwan khal, robar fim ɗin ce ta fara ruɓewa, kuma tururin da take fitarwa yana gaggauta lalacewar na kusa da ita. Ware waɗannan gefe, kuma da su za ka fara aiki.

Mataki na biyu: tankaɗe da rairaya

A nan mutane da yawa ke karaya, don sun ɗaura niyyar kwafe komai. Yi lissafi: silaid 1,000, in kowanne ya ci minti 3 tsakanin kakkaɓewa da sakawa da kwafewa, awa 50 ke nan, ba a zo maganar gyaran launi ba. Shimfiɗa su ashirin-ashirin a kan allon haske, wato farin allo mai fitila a cikinsa, ka duba da gilashin ƙara girma. Masu mutane a ciki su ne gaba. Sai masu nuna gida, titi, mota ko wurin aiki da ya riga ya sauya kama. Hoton faɗuwar rana guda bakwai da aka ɗauka a tsaye wuri ɗaya, ɗaya ya isa.

Shawarata kada ka duba su da tsohon majigi ko da kana da shi. Kodak ya daina ƙera majigin Carousel tun 2004, waɗanda suka rage sun tsufa, suna iya maƙale silaid su lanƙwasa kwalin, ga zafin fitilar da haskenta.

Mataki na uku: tsafta

Garin gyaran gira ake rasa ido, kuma a wannan matakin aka fi yin ɓarna. Fim fuska biyu gare shi. Ɗaya mai sheƙi ce, ita ce robar. Ɗayar ba ta da sheƙi sosai, a kanta aka shafa jelatin mai ɗauke da hoton. Karkata silaid a ƙarƙashin fitila za ka gane su. A Kodachrome ma har za ka ga zanen hoton ya ɗan taso a fuskar jelatin kamar an sassaƙa.

Riƙe silaid ta gefen kwali kawai, da safar hannu ta auduga ko ta roba marar hoda. Fara da 'yar robar nan ta hura iska da ake matsawa da hannu, ka hure fuska biyun. Kada ka hura da baki, yawu zai biyo. In ƙura ta ƙi tashi, sai burushi mai laushi ƙwarai wanda ba a taɓa amfani da shi a kan wani abu ba, shara ɗaya zuwa gefe guda. Mafi yawansu a nan aikinsu ya ƙare.

Shatin yatsa da maiƙo sai da ruwan goge fim na musamman, irin su PEC-12, ɗigo ɗaya a kan ƙyalle marar gashi, a wurin da iska ke shiga. Gwada a kan silaid da ba ka damu da shi ba tukuna. Ruwa kuwa kada ya kusanci fim. Jelatin na kumbura in ya jiƙe, kuma inda fumfuna ta ci shi, ruwa narkar da shi yake yi, hoton ya biyo ƙyallen. Fumfunar za ka gan ta kamar saƙar gizo-gizo ko ƙananan rassa. In ta riga ta ci cikin jelatin, tabon ba ya fita. Kwafe shi a haka, ka gyara a kwamfuta, ka kuma ajiye shi nesa da masu lafiya.

Wasu silaid ɗin an rufe su tsakanin gilasai biyu. Waɗannan kan tara hazo a ciki, ko su nuna zobba masu launin bakan gizo inda fim ya manne da gilashi. In hoton na da muhimmanci, buɗe firam ɗin a hankali ka mayar da fim ɗin cikin sabon firam na roba marar gilashi.

Mataki na huɗu: zaɓi hanya

Hanya uku ce ta gaske.

Sikana mai shimfiɗa wadda ke da fitila a murfinta, kamar Epson V600 mai ɗaukar silaid 4 a lokaci guda ko V850 mai ɗaukar 12. Sauƙinta shi ne ka jera, ka danna, ka tafi wata hidimar. Rauninta kuwa lambar da ke jikin kwalinta: ana rubuta dpi 6,400, wato yawan ɗigon hoto a kowane inci, amma abin da gilashinta ke iya rarrabewa a zahiri bai kai rabin haka ba. In ka zaɓi lamba mafi girma, fayil ne kawai zai yi nauyi, hoton bai ƙaru da komai ba.

Sikanar fim zalla, irin Plustek OpticFilm, ta fi kaifi nesa ba kusa ba, sai dai ɗaya bayan ɗaya ake tura mata, da hannu.

Sai kyamara da lens na makro, wato mai ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa. In kana da kyamara mai sauya lens, wannan ita ce hanyar da na fi so. Shirya ta na cin lokaci, amma da zarar ta zauna, kowane silaid daƙiƙu kaɗan ne.

Ƙananan na'urorin nan masu ɗan allo da ke cewa suna kwafe silaid nan take, ƙaramar kyamara ce a ciki, JPEG kawai suke bayarwa, kuma sukan ƙone wuraren haske su toshe masu duhu. Waya ma haka: ta isa ka tura wa 'yan uwa su ga abin da ka samo, amma ba kwafin da za a dogara da shi ba ne.

In sikana ka zaɓa

Lissafin dpi ba shi da wuya. Milimita 36 inci 1.42 ne, milimita 24 kuma inci 0.94. A dpi 2,400 za ka samu fiksil kusan 3,400 a 2,270, wato megafiksil 7.7, wanda ya wadatar ga allo da matsakaicin bugu. A dpi 4,000 kuma kusan 5,670 a 3,780, megafiksil 21, kuma wannan ya kwashe kusan duk abin da fim na milimita 35 ke ɗauke da shi. Ga sikana mai shimfiɗa, tsaya tsakanin 2,400 da 3,200.

Ajiye kwafin asali a fayil irin TIFF mai bit 48, wato 16 ga kowane launi. Dalili shi ne silaid da ya rine zai buƙaci a ja launukansa da ƙarfi, kuma fayil mai bit 8 in aka ja shi haka, sararin sama sai ya rarrabu layi-layi. Farashin wannan shi ne wuri: fayil ɗaya a dpi 4,000 ya kai megabait 128, silaid 500 kuma gigabait 64. Kashe duk wani gyara na kai-tsaye da manhajar ke yi, musamman ƙara kaifi. In manhajar da ta zo da sikanar ta tsufa ba ta aiki a kwamfutarka, VueScan da SilverFast na tuƙa sikanoni da yawa.

Abu ɗaya da sikana ta fi kyamara da shi shi ne share ƙura da hasken infirared, wanda ake kira Digital ICE a wasu na'urori, iSRD a SilverFast. Wannan hasken na ratsa rinin fim amma ƙura na tare shi, don haka na'urar ke gane inda datti yake ta cike gurbin. Yana aiki sosai a kan Ektachrome da Fujichrome. A kan Kodachrome yakan rikice, domin rininsa na tare wani ɓangare na hasken, sai manhaja ta ɗauki gefen fuska ko rubutu a matsayin datti ta dame shi. A fim baƙi da fari mai azurfa kuwa ba ya aiki sam. Ka ga amfanin karanta sunan kwali. Raba su kashi-kashi, ka kunna ga waɗanda ya dace, ka kashe ga sauran.

In kyamara ka zaɓa

Kana buƙatar lens na makro da ke kai 1:1 (wato mai ɗaukar abu da ainihin girmansa), allon haske, mariƙin silaid, da abin da zai riƙe kyamara tana kallon ƙasa ba motsi. A kyamara mai cikakken firam, farantin da ke karɓar haske milimita 36 a 24 ne, daidai da silaid, shi ya sa ake buƙatar 1:1. A mai APS-C farantin ya fi ƙanƙanta, don haka ba sai ka kai ƙarshen lens ɗin ba. Akwai kuma mariƙan da ake ɗaurawa a bakin lens kai tsaye, kamar Nikon ES-2, waɗanda ke kawar da matsalar girgiza tunda silaid da kyamara tare suke motsi.

Fitilar ita ce inda ba a rowa. Nemi allon LED mai CRI 95 ko sama. Wannan lambar na nuna yadda fitila ke fito da launuka cikakku, kuma mai ƙarancinta takan kashe ja, fatar mutane ta fito kamar marasa lafiya, abin da gyara ba ya mayarwa daidai. Ɗaga silaid sama da allon kamar santimita biyu ko uku, don kada ƙura ko ƙwayoyin fitilar su fito a hoton. Na taɓa ɗora silaid kai tsaye a kan farin allon waya, na kwafe kusan guda sittin ina murna, sai da na buɗe su a kwamfuta na ga ɗigon allon reras a kan kowace fuska.

Sai a bi wannan jeri:

1. Daidaita kyamara da silaid. Ɗora ƙaramin madubi a inda silaid zai zauna, ka leƙa allon kyamara, ka yi ta gyara har sai ka ga bakin lens ɗinka a tsakiyar hoton daidai. In ya zauna a tsakiya, kyamara da silaid sun fuskanci juna sak. Kada ka tsallake wannan, in ba haka ba gefe ɗaya zai yi kaifi ɗayan ya yi dishi-dishi a duk hotunan.
2. Yanka baƙar takarda ka rufe duk sauran allon hasken, ka bar tagar silaid kawai, ka kashe fitilar ɗaki. Hasken da ya zagayo ta gefe yana wanke baƙin hoto ya mayar da shi toka-toka.
3. Sa kyamara a yanayin da kai ke saita komai. Zaɓi RAW, wato fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, ISO mafi ƙasa, yawanci 100, ƙofar haske f/8. A wannan kusancin, zurfin abin da ke fitowa da kaifi kusan milimita ɗaya ne kacal, fim kuma yakan ɗan lanƙwashe cikin kwali, don haka buɗe ƙofa sosai ba zai yi ba. Matse ta zuwa f/16 ma laushi yake kawowa.
4. Saita farin launi (white balance) a kan allon hasken ba tare da silaid ba, ka kulle shi a haka.
5. Saka silaid fuska mai sheƙi na kallon kyamara, hoton zai fito daidai. In akwai rubutu a ciki, lambar mota ko allon shago, da shi za ka tabbatar ba a juye yake ba.
6. Ƙara girman abin da allon kyamara ke nunawa har ƙarshe, ka saita kaifi da hannu a kan ƙwayoyin fim ɗin kansu, ba a kan abin da aka ɗauka ba, domin mai hoton na asali ƙila bai saita daidai ba. Sake dubawa duk lokacin da irin kwali ya sauya, kaurinsu ba ɗaya ba ne.
7. Duba jadawalin haske (histogram), zanen da kyamara ke nunawa mai duhu a hagu, haske a dama. Ƙara haske har ya kusa bangon dama amma kada ya taɓa. Silaid na da duhu mai kauri, musamman Kodachrome da Fujichrome Velvia. Ga hoto mai rana da inuwa masu tsanani, ɗauki uku, ɗaya daidai, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ka haɗa su daga baya.
8. Kada ka danna da yatsa. Yi amfani da jinkirin daƙiƙa 2 ko igiyar dannawa, ko ka haɗa kyamara da kwamfuta ka riƙa ganin kowane hoto a babban allo.

Bar ɗan gefen kwali ya fito a hoton, ka yanke daga baya. Kuma in kwalin na da rubutun hannu, ɗauki hotonsa shi ma nan take da waya.

Gyaran launi

Kwafin asali ba a taɓa shi. A kan kwafin kwafi ake aiki, ko cikin manhajar da ba ta sauya fayil na asali, kamar Lightroom, ko darktable da RawTherapee waɗanda kyauta ne.

Ga silaid da ya rine, kada ka fara da maɓallin ƙara launi. Buɗe jadawalin ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga na launin da ya dusashe ya takure wuri guda. Ja alamar baƙi da ta fari na kowanne zuwa inda jadawalinsa ya fara da inda ya ƙare. Wannan kaɗai yakan dawo da hoton da ka ɗauka ya mutu. Bayan nan nemi abin da ka san toka-toka ne ko fari, kwalta, bango, farar riga a inuwa, ka daidaita tsakiyar da shi. Kodachrome yakan fito da ɗan shuɗi-shuɗi a sikana, ɗumama shi kaɗan. Hotunan fim ɗaya tsufansu ɗaya, don haka in ka gyara guda, kwafa saitin ga sauran.

San inda za ka tsaya. Hoton 1968 ba sai ya yi kama da wanda waya ta ɗauka jiya ba. Ƙwayoyin fim ɓangare ne na hoton, in ka goge su fuskoki sai su koma kamar na roba. Manhajojin da ke cewa suna gyara fuska da ƙirƙirarriyar basira kuwa ina tsoronsu a wannan aikin, domin inda ba su gani ba ƙirƙira suke yi, sai ka wayi gari da kakan da idanunsa ba nasa ba ne.

Suna da bayani

Ba kowane fayil suna mai tsari ɗaya: shekara, wata, lambar akwati, lambar silaid, misali 1974-08_A03_017. Rubuta wannan lambar da fensir a kwalin, don ranar da ka nemi na asali ka same shi cikin minti ɗaya. In ba ka da tabbacin shekara, sa ta kusa ka nuna cewa ƙiyasi ne.

Sunayen mutane da wuri a cikin fayil ɗin kansa za ka rubuta, a gurbin bayanin hoto, domin ya bi hoton duk inda ya je. Manhajar digiKam na yin wannan kyauta. Kuma kada ka jira sai ka gama duka kafin ka nuna wa dattawan da suka san fuskokin. Da ka kammala akwatin farko, fitar da ƙananan JPEG a tsarin launi na sRGB, ka zauna da su, ka kunna rikoda. Silaid zai iya jiran shekara goma a akwati, wanda ya san sunan matar da ke tsaye a gefen hagu ba lallai ya jira ba.

Ajiya

Kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam da gidanka, ko rumbun ajiya a hannun ɗan uwa ko ma'ajiyar intanet. Sau ɗaya a shekara buɗe wasu fayilolin ka tabbatar suna nan, kuma duk bayan 'yan shekaru ka kwashe zuwa sabon rumbu.

Silaid ɗin kansu kada ka zubar. Saka su a aljihunan roba na folifirofilin ko foliyesta, ban da PVC, wadda ke fitar da maiƙo tana manne wa fim. Wuri mai sanyi, duhu, busasshe, laimar iska tsakanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Da ta haura 60 fumfuna ta samu gida. Ɗakin ƙarƙashin rufi mai zafi da ɗakin ƙasa mai danshi duka ba su dace ba, gara kabad a cikin ɗakin da ake zama, nesa da bangon banɗaki, da 'yan ƙunshin silika a cikin akwatin da za ka riƙa sauyawa in sun sha laima.